Alama ta Uku

Shekara ashirin da shida Farfesa ya yi yana cire abu ɗaya tak daga abincin ɓeraye, sannan ya tsaya ya ga abin da zai same su. Sana'arsa ke nan. Da ita ya gina gida, da ita ya aurar da 'ya'ya uku. Ƙwaƙwalwa ya karanta, ya karance ta har ƙarshen allo, amma shi ba likitan asibiti ba ne, bai taɓa rubuta wa ɗan'adam magani ba. Matarsa kan ce masa likitan ɓeraye in tana jin tsokana. In kuwa ranta ya ɓaci, sai ta ce masu wutsiya sun fi mutanen gidan nan gata.

Abin da yake cirewa wani bitamin ne, B ɗaya, tayamin a bakin masu aikin. Ɗan mitsitsi jiki ke nema, amma ba ya iya tara shi. Mutum ya yi mako biyu ko uku abinci ba ya zama a cikinsa, rumbun ya yi ƙaf. Daga nan ƙwaƙwalwa ta kasa ƙona sukarin da take rayuwa a kansa, wasu 'yan wurare can tsakiyarta su soma mutuwa. Ba zazzaɓi, ba ihu. Shiru, kamar gara a cikin ƙyaure.

Ɗakin ɓerayen a ƙasan ginin jami'a yake. Ba taga, fitila ce ke yi musu rana, ita ke yi musu dare. Keji sittin a jere, warin garin katako da fitsari. Mai kula da su wani dattijo ne da suka fara aikin tare tun gashinsu na baƙi. Sarkin Ɓeraye kowa ke kiransa, har shi ma ya daina amsa wani sunan.

Ƙa'ida biyu ce a ɗakin, kuma Farfesa ya sha korar ɗalibai a kansu. Ta farko, ba a yi wa ɓera allurar ceto sai alamu uku sun cika. Ƙwayar ido ta fara rawa, ɗaya. Tafiya ta koma tangaɗi, biyu. Sannan ruɗewa, a kwantar da shi rigingine ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, uku. Sai ta ukun ta bayyana ake danna agogo, a jira awa ɗaya, ko uku, ko shida, a yi allura. Daga baya a yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri a ga ɓarnar da kowace awa ta yi. Ƙa'ida ta biyu, mai allura ba zai san abin da ke cikin kwalbar da yake zuƙa ba. Sarkin Ɓeraye ke fasa allurai ya juye su a kwalabe iri ɗaya marasa suna, rabi magani, rabi ruwan gishiri zalla, don kada son zuciya ya shiga idon mai kallo.

Ruwa ba ya tsami banza. Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ya taɓa tsayawa a zauren taro ya ba da sakamako a kan alama biyu kawai. Wani tsohon masani ya miƙe a layin gaba, ya gyara tabarau, ya ce, "Yaro, hayaƙin girki ka gani, ka kira mana motar kashe gobara." Zauren ya ɗauki dariya. Tsohon ya daɗe da mutuwa, dariyar ba ta mutu ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tun ranar Farfesa bai ƙara faɗin abu ba sai ya cika ya batse.

Autarsa ce ta samu ciki, na fari. Malamar firamare ce, mai baki kamar reza. Laulayin ya zo mata da mugunta, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Da aka shiga mako na biyar, mijinta, wani mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da ake ce wa Injiniya, ya kawo ta gida wajen uwarta. Aka buɗe mata tsohon ɗakinta. Gadon ƙarfe, taswirar duniya da ta manna a bango tun tana sakandare, yanzu kuma ga shuɗin bokiti a gefen gado.

Ranar Asabar da hantsi Farfesa ya shiga da kofin ruwan zafi da lemon tsami.

"Baba, awo ka zo yi?" in ji ta. Muryar ta shaƙe, amma bakin na nan. "Rubuta. Ɓera mai lamba sittin da ɗaya, ta rage kilo shida, tana cizo."

"Ɓerayena sun fi ki ladabi."

"Ai su ba su da miji mai warin man inji."

Uwarta ta ƙwala mata kira daga kicin. Auta ta juya ido wajen ƙofa, ba ta juya kai ba. Nan ya gani. Ƙwayar idon ta tafi gefe, ta zame, ta fizgo, ta zame, ta fizgo, kamar hannun agogon da batirinsa ya kusa ƙarewa.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya ɗaga yatsa.

"Kalli nan."

Ta kalla. Ya kai yatsan dama, idon ya bi, ya sake rawar.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Sha ruwanki."

Ya shiga ɗakin karatunsa ya rufo ƙofa. Hannunsa da kansa ya zaro ɗan littafin aljihu, ya rubuta rana, ya rubuta ƙarfe goma da kwata, ya rubuta: ɗaya. Sai da ya mayar da biro ya lura da abin da ya yi. Ya daɗe yana kallon takardar. Ido kan yi rawa don gajiya. Wasu magungunan ma kan sa. Alama ɗaya ba alama ba ce, haka yake faɗa wa ɗalibai.

Da yamma ya sayo ƙwayoyin bitamin ya ajiye a kan tebur, bai ce komai ba.

"Ji shi," in ji matarsa, tana goge hannu da tsumma. "Da cikin babbansu wata huɗu na yi rungume da bokiti, kana can ƙasa wajen danginka masu wutsiya. Na mutu? Laulayi ne, zai wuce. Ka bar mata da aikin mata."

Ƙwayar ba ta yi minti goma a cikin Auta ba. Washegari ma haka. Ya san ƙwaya ba ta da amfani ga cikin da ba ya riƙe ruwa, ya san allura ce maganar. Amma allura sai asibiti. Asibiti kuwa sai ya tsaya gaban likita ya ce ƙwaƙwalwar 'yata, a tambaye shi hujja, ya ce ido ya yi rawa. Ya ji dariyar tun kafin a yi ta.

Ranar Talata ya sauka ɗakin ɓeraye, ya tsaya gaban wani keji fiye da yadda ya saba. Na cikin yana jan ƙafa, yana jingina da waya.

"Biyu ke nan," in ji Sarkin Ɓeraye daga bayansa. "Ni dai, ranka ya daɗe, har yau in na ga ta biyu sai hannuna ya yi ƙaiƙayi."

"Shi ya sa agogo ke hannunka, ba allura ba."

"Haka ne. Ya jikin Auta?"

"Da sauƙi."

Ranar Juma'a da la'asar suna zaune a falo shi da surukinsa, ana shan shayi, ana hirar da ba kai ba gindi, sai Auta ta fito za ta banɗaki. Taku goma ne tsakani. Ta ware ƙafafu kamar mai tafiya a cikin kwalekwale, tafin hannunta a bango, tana taka ƙasa kamar ba ta yarda tana nan ba.

Injiniya ya tashi ya tare ta. "Kai, Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, yana zaton Farfesa bai ji ba. "Tafiyar agwagwa tun yanzu? Nan gaba sai dai mu sa miki taya."

"Matsa, kana wari."

"Sau biyu na yi wanka!"

"Sabulun ne ke warin."

Da ta dawo Farfesa ya tsayar da ita.

"Yau wace rana?"

"Juma'a."

"Ɗari a cire bakwai?"

"Casa'in da uku. Tamanin da shida. Saba'in da tara. Baba, lissafi nake koyarwa. In jarrabawa ce ka bari in kwanta tukuna."

Hankali garau. Ya koma ɗaki ya rubuta biyu, ya sa alamar tambaya a gefe. Wanda ya yi mako shida bai ci ba, dole ƙafa ta yi rawa. Ta ukun dai ba ta zo ba. Wannan ya riƙe, riƙon mai nutsewa ga ciyawar bakin gaɓa.

Ranar Lahadi yana da tafiya. Taron masana ƙwaƙwalwa ne a wani gari, awa biyar a mota, kuma za a karrama shi a kan aikin rayuwarsa. A bakin mota ya ce wa matarsa, "In kin ga ta fara ruɗewa, ki kira ni."

"Ruɗewa kamar yaya?"

"Za ki gane."

"Kai dai maganarka ba ta taɓa fitowa duka ba. Allah ya kiyaye hanya."

Kullum da yamma yakan kira. Kullum ta ce da sauƙi.

Ranar Laraba da safe ya hau dandamali. Zauren cike, an rage fitilu, hotunan ƙwaƙwalwar ɓeraye na wucewa a bango, kowace da ramukanta biyu, dama da hagu, kamar an huda da ƙusa. Ya zo kan jimlar da yake rufe kowace lacca da ita, wadda ya rubuta a ƙarshen kowace takarda tasa har ta zame masa kamar gaisuwar ƙarshen wasiƙa. Ya karanta: "Wannan ƙa'idar ɓera ce. A jikin mutum ba a jiran alamu uku, don mafi yawan marasa lafiya ba sa nuna su duka. In ka yi zato, ka yi allura."

Ya fi sau ɗari yana faɗinta. Ranar ya fara jin ta.

Ya yi shiru. Zauren ya zaci ƙarshen ke nan, aka soma tafi. Ya sauka ta matakalar gefe, tafin na bin bayansa, ya fita baranda ya kira gida.

"Muna asibiti," in ji matarsa. "Tun shekaranjiya. Jiri ne ya kwashe ta a banɗaki. Ban faɗa maka ba don kada in ɓata maka taro. Kwantar da hankalinka, ruwa kawai ake ƙara mata, leda ta biyar ke nan."

"Wane ruwa?"

"Ruwa dai na asibiti."

"Tashi ki karanta mini abin da ke jikin ledar."

Ya ji ƙarar kujera, ya ji takunta. Ta harhaɗa haruffan. Gulukos. Ruwan sukari.

"An yi mata wata allura kafin a sa?"

"Ta amai. Ai har ya tsaya. Tun jiya barci take ta yi, baiwar Allah, ta samu hutu."

Ya dafa ƙarfen barandar. Sukari a jikin da tayamin ya ƙare kamar ka murɗo lagwanin fitilar da ba mai ne. Za ta yi haske, amma lagwanin ke ci. Da wannan dabarar yake gaggauta faɗuwar ɓera in lokaci ya ƙure masa.

"Ki ce su cire shi. Yanzu."

Ya ji tana magana da wata, ya ji amsar daga nesa: likita ne ya rubuta, sai likita ya zo.

"To ki rufe da kanki. Ɗan tayan da ke jikin igiyar, ki tura shi ƙasa."

"Ni? Lafiyarka kuwa? In kashe 'yata da hannuna?"

Bai koma zauren ba. Allon karramawar yana can a kan tebur, lulluɓe da ƙyalle, ana ta kiran sunansa a lasifika. Ya ɗauki hanya. Awa biyar yana bin bayan manyan motoci, yana wuce su a inda ba a wucewa. Sau huɗu ya kira, sau huɗu aka ce likita na ɗakin tiyata.

Ƙarfe uku ya shiga ɗakin mata masu ciki. Gado takwas, koren labule a tsakani, fanka ɗaya na juyawa, ɗaya ta tsaya. Auta na gadon ƙarshe, idonta biyu. Leda ta shida na ɗiga. Ya rufe ta da kansa kafin ya gaida kowa.

"Auta."

Ta juyo. Ido ɗaya ya zo, ɗayan ya tsaya a tsakiya, ya ƙi ƙarasowa.

"Malam," in ji ta, da wani ladabi da ba nata ba. "An kaɗa ƙararrawa? Yaran na waje, rana za ta dake su."

Uku.

Nas ta tafi kai ƙara cewa wani tsoho ya taɓa ruwan mara lafiya. Likitar da ta biyo ta matashiya ce, idanunta jajir don rashin barci, da safen nan ta karɓi ɗakin. Ta zo da faɗa a bakinta. Farfesa bai ce mata shi wane ne ba. Ya ce, "Duba idonta." Ta haska, ta kai yatsa dama, ta kai hagu. Faɗan ya koma ciki.

"A sauke wannan, a sa na gishiri," ta ce wa nas. "A kawo tayamin na allura, babban awo." Sannan ta juyo. "Tun yaushe idon ke haka?"

"Wallahi ban lura ba," in ji uwar. Injiniya ya girgiza kai.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji Farfesa. "Asabar waccan, ƙarfe goma da kwata. Tangaɗin kuma tun Juma'a."

Matarsa ta juyo ta dube shi.

"Ka gani," in ji matarsa. Ba tambaya ba ce. "Har da kwata."

Nas ta dawo hannu rabbana. Babu a kantin maganin asibitin, ya ƙare tun watan jiya, ba a cika nemansa ba. Akwai ƙwaya. Akwai wata allurar haɗin gambiza mai ɗan tayamin a ciki, kamar gishiri a miya. Likita ta ce a yi ta, ta fi babu. Injiniya ya karɓi takarda ya fita da gudu ya bi kantunan bakin titi. Bayan rabin awa ya kira: shida ya shiga, babu.

"Ina da guda sittin a jami'a," in ji Farfesa. "Makon jiya aka kawo mini. Na mutane ne, a kwalinsu."

Jami'ar minti ashirin ce daga asibitin. Ya sauka matakala bibbiyu, abin da rabonsa da yi shekara goma. Sarkin Ɓeraye na tsaye gaban wani keji da agogo a hannu. A ciki wani farin ɓera na kwance rigingine, ƙafafu huɗu na tuƙa iska.

"Ranka ya daɗe, har ka dawo? Ga na sha huɗu ya faɗi, saura minti arba'in a yi masa..."

"Alluran da aka kawo. Ina kwalin?"

"Ai na juye su tun Litinin."

"Duka?"

"Duka, kamar kullum. Kwalin da fasassun kwalaben na kai wajen ƙonawa. Kai ka ce ko takarda kada ta kwana."

Farfesa ya buɗe firji. Kwalabe ashirin, launi ɗaya, tsayi ɗaya, ba suna sai lamba. Ya cire murfin ta farko ya shinshina. Ba komai. Ta biyu ma haka. Ta uku ta bugi hancinsa da warin nan da ya sani fiye da turaren matarsa, warin yis ɗin burodi da ya kwana. Ya zuba huɗu irinta a aljihu.

Dattijon ya bi aljihun da kallo.

"Wane ne?"

"Auta."

Sarkin Ɓeraye ya ajiye agogon a kan keji. Ya tuna yarinyar da take zuwa lokacin hutu tana raɗa wa ɓeraye suna, yana ɓoye ta a bayan ƙofa in ubanta ya shigo. Bai tambayi yaya aka yi ba.

"Akwai inda muke saro su," in ji shi. "Babban sito ne, bayan tashar jirgin ƙasa. Ba sa sayar wa ɗaiɗai, amma sun san fuskata. Kira mijinta ya zo ya ɗauke ni."

A asibiti likitar ta ɗaga kwalbar, ta kalli hasken taga ta cikinta.

"Mene ne wannan?"

"Tayamin."

"Ina aka rubuta?"

"Na shinshina."

Ta tambaye shi inda ta fito. Ya faɗa mata komai, don bai iya rage magana ba in ta riga ta cika.

"Baba," in ji likitar a hankali, "an fasa shi kwana biyu da suka wuce, an juye a ɗakin ɓeraye, an sirka shi da ruwa daidai awon ɓera. Ka ce in ɗura shi a jijiyar mai ciki. In ƙwayar cuta ta shiga jininta, biyu za mu rasa kafin jibi."

"Zan sa hannu."

"Sa hannunka ba zai tace shi ba." Ta miƙa masa abinsa. "Ni ba zan yi ba. Kai ma da wani ne ya kawo maka, da ka kore shi."

Gaskiya ta faɗa. Ya fita ya zauna a bencin baranda, kwalaben na ƙara a aljihunsa in ya motsa. Agogon bango a gabansa. Sauran masu jinya jiran lokaci kawai suke yi, shi kuwa ya san kamanninsa. Awa ɗaya, ya san hotonta: ɗigo biyu, kamar tawada ta ɗiga a takarda. Awa uku, ɗigon ya zama rami. Awa shida, ramin ya yi baki. Ya yanka irin wannan ƙwaƙwalwar ta fi dubu, ya auna ramukan ɗaya bayan ɗaya, an tafa masa a kansu. Kuma bai san ƙarfe nawa agogon Auta ya fara ba. Ko yau da safe, ko tun jiya, sa'ad da ake cewa ta samu hutu.

Matarsa ta fito ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, tana kallon gabanta.

"Da ka ce mini ido ne, da na duba ido," in ji ta. "Ban yi karatunka ba, amma ina da ƙafa, ina da baki. Da na kawo ta na faɗa musu, su yi ta dariya in sun ga dama. Ni dariya ba ta kashe ni."

Ya mayar da idonsa kan agogon bango.

Rana na gab da faɗuwa Injiniya ya shigo, rigarsa jiƙe sharkaf, kwali a ƙirji kamar jariri, dattijon na biye yana haki. Likita ta duba sunan, ta duba ranar lalacewa, ta fasa ta zuƙa. Ruwan ya bi igiya ya shiga hannun Auta.

Maganin ya yi abin da ya saba yi. Washegari idon da ya tsaya ya motsa. Ranar Juma'a da safe rawar ta ragu, sai ka ƙura ido za ka gan ta. Auta ta tashi zaune, ta ci biskit biyu, suka zauna. Aka sa na'ura a cikinta aka ji bugun zuciyar ɗan, da sauri-sauri, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Uwarta ta yi kuka, ta raba lemo ga duk gadajen ɗakin. Yayyenta biyu suka kira daga inda suke aiki, aka yi ta barka da arziki. Injiniya ya hau kujera ya gyara fankar da ta tsaya, ba wanda ya sa shi.

Farfesa bai yi barka da kowa ba. Ido ne ke fara warkewa, wannan ya sani. Amma wurin da ramukan ke fitowa ba na ido kaɗai ba ne. Nan ne mashigar da sabon abu ke bi kafin ya zauna a kai.

Ya jira har likitoci suka gama zagayen safe. Ya tsaya a ƙafar gadon.

"Auta, zan ba ki ajiya. Abu uku. Cokali, gada, ja."

"Baba, ka fara ko?" Ta yi murmushi, leɓenta a tsattsage. "Cokali, gada, ja. A ba ni maki."

"Ki riƙe. Ina zuwa."

Ya fita baranda. Wata mata na wanke kwano a famfo, wani na tura keken marasa lafiya mai kukan taya. Minti biyar. Ya so ya ƙara biyar. Ya so ya wuce ƙofar asibitin ya yi ta tafiya. Ya koma.

Fuskarta ta washe.

"Baba! Yaushe ka zo?"

Uwar na ɓare lemo. Hannunta ya tsaya.

"Ajiyata fa?" in ji shi.

"Wace... au, ajiyar." Ko jim ba ta yi ba. "Ai na ba Mama ɗazu da na dawo daga makaranta. Tana cikin jakata, ƙarƙashin littattafan yara. Mama, ba ki ba shi ba?"

Ba ƙarya take yi ba. Ya san wannan ma. In kai ya tarar da gurbi sai ya cike shi da abin da ya samu, mai kan kuma ya yarda.

Ta dubi igiyar ruwan da ke hannunta, ta dubi labulen, ta dubi mijinta.

"Wai ni me ya kawo ni nan? Kowa sai murmushi yake mini, ba mai faɗa."

Injiniya ya dubi surukinsa. Sukudireba na hannunsa har yanzu.

"Sau biyu ta tambaye ni yau," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Na zaci tsokana ce."

"Faɗa mata," in ji Farfesa.

Ya durƙusa a gefen gadon, ya kai baki kunnenta. Auta ta zaro ido. Ta kai hannu ɗaya cikinta, ta rufe baki da ɗayan, dariya da hawaye suka zo tare.

"Da gaske? Ni? Wata nawa?" Sai ta ga wanda ke tsaye, ta ja zanin gado ta rufe fuska. "Kai ba ka da kunya! A gaban Baba!"

Uwar ta ajiye lemon. Ta taso ta tsaya kusa da Farfesa, karo na farko tun Laraba.

"Zai dawo?"

"Wasu yakan dawo musu, kaɗan-kaɗan, cikin watanni. Wasu rabi. Wasu..."

"Ita nake tambaya."

"Ban sani ba."

Wata nas ta shigo da tire, almakashi ya zame ya faɗi ya yi ƙara, duk ɗakin ya juya. Aka ɗauke, aka wuce. Auta ta sauke zanin daga fuskarta. Hawayen na kumatunta har yanzu. Ta shafa, ta dubi yatsunta, kamar mai mamakin inda ruwa ya fito. Sai ta ɗaga kai ta gan shi.

"Baba! Yaushe ka zo?"

"Yanzun nan," in ji shi. Ya jawo kujera.